Tambayar da Yaya Ya Yi wa Kawu

Ina rabon takin zamani a siton Roni, ranar Talata da hantsi, sai direban motar kasuwa da ke zuwa daga Kazaure ya tsaya a bakin ƙofa. Bai kashe mota ba. Ya sauko ya durƙusa a gabana, abin da bai taɓa yi ba, don mun saba da wasa ni da shi. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Yayanka ya cika bayan asuba."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan na sa hannu a takardar manomin da ke gabana, na miƙa masa, na kira na bayansa. Sai da na bayan ya ƙi matsowa na gane cewa ya kamata in tashi.

Kafin mu isa Kazaure an riga an kai shi. Ban ga fuskarsa ba, ban kama makararsa ba. Na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin darbejiya. Limamin unguwa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Shekara da shekaru muna gardama da shi. Yanzu da wa zan yi?" Can gefen tabarma malamin asibitin garin, Kirista ne mutumin Gabas, ya tuɓe takalmi ya zauna yana share ido da bayan hannu. Bai iya addu'armu ba, amma duk lokacin da aka shafa shi ma sai ya shafa.

Na shiga cikin gida wurin matar Yaya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta miƙo mini agogon hannunsa ta ce, "Riƙe shi, har yanzu yana tafiya, ni ba na son jin ƙararsa." Da na juya zan fita ta ce, "An aika Gwiwa?"

Tambayar da kowa ya yi ta yi mini ke nan a wunin, wasu da baki, wasu da ido. A Gwiwa Kawunmu yake, wan mahaifiyarmu. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Kawu ne ya tsaya mana. Shi ya koya wa Yaya rubutun ajami, shi ya nema masa aure. Ranar da Yaya ya rasu kuwa, shekara goma sha uku ke nan rabon da Kawu ya yi masa magana. An aika. Ba wanda ya san ko zai zo.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce babbar firamare ba, daga nan aka ɗauke ni malamin gona. Na rubuta wannan ne don na ga yadda garin ke sauyawa, kowa yana gudu, kuma ina tsoron nan da 'yan shekaru a wuce ta gaban ɗakin karatun da Yaya ya riƙe ba wanda zai iya faɗin abin da aka yi a cikinsa.

Yaya ne ke kula da ɗakin karatu na gari. Dab da samun mulkin kai aka tura shi Ingila wata tara ya koyo aikin tsare littattafai. Masu raba masauki suka ji ba ya cin naman alade, sai suka sauke shi a gidan wata tsohuwa Bayahudiya, don ita ma ba ta ci. Ya sha ba mu labarinta. Bai taɓa kiranta da suna ba, sai dai ya ce "tsohuwata ta Ingila". Ranar Asabar ba ta kunna wuta saboda addininsu, shi yake kunna mata murhun ɗumama ɗaki. Ita kuma da azumi ya zo, ta riƙa ajiye masa abinci a rufe, tana yi masa faɗa wai zai mutu a ƙasar mutane a ce ita ta kashe shi da yunwa.

Duk Lahadi da rana, lokacin sanyi, takan tafi da shi zauren taron jama'arsu. Can suna da al'ada: sai su gayyato wanda ya rubuta littafi ya zo da kansa ya karanta musu wani yanki, in ya gama su rufe shi da tambayoyi, sannan a sha shayi. Yaya ya ce ranar farko ya zaci faɗa ake yi. Tela ya miƙe ya ce wa farfesa bai yarda ba, farfesan kuma ya yi ta murna. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tsohuwar tasa. Kullum a layin gaba take zama, kuma kullum ita ce ta ƙarshe, da tambaya guda ɗaya ga kowane marubuci: wa ka bari ba ka ambata ba? Wata rana a hanyar komawa gida ya tambaye ta dalili. Ta ce 'yan gidansu duk an kashe su a yaƙin Turai, ba kabari ko ɗaya da za ta je ta tsaya a kai, sunayensu kawai suka rage mata.

Da ya dawo, wasu sun dawo da rediyo da kwat. Shi da wannan al'ada ya dawo. Ya sa mata suna Zaman Asabar. Ana farawa bayan an gama kai amfanin gona gida, a rufe in an yi ruwan shuka, kowace Asabar daga la'asar zuwa kiran magariba. Ya kawo malamin makaranta da ya rubuta littafin koyon lissafi. Ya kawo mai rubuta wasan kwaikwayo na rediyo daga Kano. Ya kawo wani bafatake daga Babura da ke tsara waƙoƙi da ajami a bayan takardun shago. Har ungozoma ya kawo, wadda ta rubuta ɗan littafi kan yaye, ya sa aka rataya zane a tsakiyar ɗaki mata suka zauna a ɗaya gefen, ranar kuwa ta gefen zanen ne tambayoyi suka fi fitowa.

Yana da ƙa'idodinsa. Marubuci a tabarma yake zama kamar kowa. A ba shi ruwa da goro tukuna. Yaya ya kwance agogonsa ya ajiye a gabansa, in rabin sa'a ta cika ya yi gyaran murya, ko hakimi ne ke karatu. Sai tambayoyi. Da farko ba mai yi, don mu a nan ba mu saba tambayar malami a gaban mutane ba, sai dai mu ce madalla. Yaya yakan nuna mutum da sandar rake ya ce, "Kai da ka ce madalla, me ka ji?" A hankali baki ya buɗe. In kowa ya gama, sai shi ya rufe da tasa: "Malam, wa ka bari?"

Liman ya fara zuwa ne don ya ga abin da ake yi, ya ji ana cewa an kawo wa gari al'adar Yahudawa. Bayan zaman ya tsare Yaya a bakin ƙofa ya ce, "Duk abin da ke duniya ba ka ga na ɗaukowa ba sai nasu?"

Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, shayin da ka sha kofi biyu ɗazu, a Kazaure aka fara shi?"

Liman ya ce, "Kofi ɗaya da rabi."

Tun daga ranar bai fasa zuwa ba, kuma bai fasa gardama ba.

A shekara ta huɗu ne Yaya ya ce zai gayyato Kawu. Kawu ya daɗe yana rubuta tarihin gidanmu da ajami: yadda kakanni suka zo da shanu, inda suka fara kafa bukka, da babbar rijiyar da ke bayan gari wadda har yau ake sha. Yaya ya ɗauki wannan gayyata a matsayin girmamawa mafi girma da zai iya yi wa mutumin da ya koya masa riƙe alƙalami. Da kansa ya je Gwiwa ya ɗauko shi. Ranar ɗakin ya cika har tagogi.

Kawu ya shigo da babbar riga da rawani, ya duba ya ga ba kujera, ya zauna a tabarma. Ya yi karatu da murya mai daɗi, duk takardar da ya gama ya kife ta a gefen dama. Ya zo kan rijiya ya karanta cewa mahaifinsa ya haƙa ta a shekarar fari, gaba ashirin, gari ya tsira. Daidai nan rabin sa'a ta cika. Yaya ya yi gyaran murya.

Ba wanda ya yi tambaya. Wa zai tambayi dattijo irin wannan? Aka yi ta madalla. Ina zaune kusa da Yaya, na taɓa gwiwarsa, don na san abin da ke tafe. Mahaifiyarmu ta sha gaya mana muna yara cewa mutum bakwai ne suka shiga ramin nan, bayin gidan kakanmu, kuma ƙasa ta rufta da biyu. Yaya ya ture hannuna. Ya durƙusa sosai, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Wa ka bari?"

Kawu ya ce, "Me ka ce?"

"Waɗanda suka shiga ramin, Kawu. Inna ta ce su bakwai ne. Ban ji sunansu ba."

Kawu ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ce, "Don wannan ka ɗauko ni daga gidana?" Ya tattara takardun da ke hannunsa na hagu, waɗanda bai kai gare su ba, ya zuba a gafaka, ya miƙe. Waɗanda ya riga ya karanta suna kife a tabarma, bai waiwaye su ba. Yaya ya bi shi ba takalmi har tasha yana ba shi haƙuri. Kawu ya hau mota bai dube shi ba.

Na yi wa Yaya faɗa a ranar, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwata. Na ce, "Can Ingila ne, nan Kazaure ne. Ka tsitsiye uba a gaban yara da mahauta."

Ya ce, "Wallahi girmama shi na yi. In na tambayi kowa na tsallake shi, na ce ke nan littafinsa bai isa a tambaye shi ba."

Na ce, "To shi bai san haka ba."

Ya ce, "Ban gaya masa yadda ake yi ba. Na manta cewa bai taɓa zuwa ba."

Kowace Sallah, ƙarama da babba, Yaya yakan je Gwiwa. Sau da yawa tare muke zuwa. Mu yi sallama a zaure, Kawu ya amsa daga ciki, ya aiko a shigo da ni, Yaya kuma a kawo masa fura a zaure. 'Yar Kawu ce ke kawowa, taubashiyarmu, wadda aurenta ke nan cikin gari. Takan dire ƙwaryar ta ce, "Baturen Kazaure, ga fura. Ko ita ma sai ka tambaye ta wa ta bari?"

Ya ce, "Ta bar nono. Ruwa ne zalla."

"Daidai kai ke nan. Mai kunyata tsoho ai ruwan ma an yi masa alfarma."

Su yi dariya, amma in ta shiga sai in ga ya zuba wa ƙofar cikin gida ido. Na sha ce masa, "Ka aika masa cewa ka yi kuskure, a wuce wurin." Amsarsa ɗaya ce: "Na yi kuskuren wuri, da a ɗaki na tambaye shi. Wannan na faɗa, na sake faɗa. Amma in na ce tambayar ce kuskure, na yi masa ƙarya, kuma shi ya hana ni ƙarya."

Takardun da Kawu ya bari Yaya ya naɗe su a farin ƙyalle ya sa a saman kabad. Tun daga shekarar, duk ranar da za a rufe zama, bayan ya ɗaura agogonsa, sai ya ce, "Jama'a, karatun Kawu bai ƙare ba. In Allah ya kawo shi za mu ɗora daga rijiya." Da farko mutane sukan sunkuyar da kai. Daga baya ya zama kamar addu'ar tashi, har sababbin zuwa na tambaya wane ne Kawu.

Akwai abin da ban so a manta ba game da malamin asibitin nan da na ambata. Lokacin tashin hankalin da ya zo kafin yaƙin basasa, ya gudu da iyalinsa da kayan jikinsu kawai. Ya bar akwatin littattafansa da wani littafin rubutu da yake tara labarin ƙauyensu a ciki. Yaya ya ɗauke akwatin ya kai ɗakin matarsa, ya sa a ƙarƙashin gado. Duk damina sai ya fito da littattafan ya shanya saboda gara. Matarsa ta ce, "Mutumin da ba a san ko yana da rai ba?" Ya ce, "In ya mutu 'ya'yansa za su zo." Bayan yaƙi mutumin ya dawo, ya rame har ba mu gane shi ba. Yaya bai ce masa komai kan abin da ya wuce ba, ya dai sa aka kai masa akwatinsa, ya ce, "Asabar ta sama kai ne da karatu." Ya karanta da Hausarsa mai karyewa. Da aka zo ƙarshe na ga Yaya yana jinkiri, tun abin Kawu yakan yi jinkiri kafin tambayar. Mutumin da kansa ya ce, "Malam, yi tambayarka, na shirya." Ya lissafa sunayen mutanensa da suka mutu har aka kira magariba, 'yarsa ta fari tana ciki. Liman ne ya ce a bar shi ya gama, salla ba za ta gudu ba.

Yanzu na zo kan nawa laifin. Aikina yana kai ni ƙauyukan Roni da Gwiwa. Wajen shekara biyar kafin rasuwar Yaya na fara jin magana. Wani mai unguwa ya ce mini, yana dariya, "Kawunka ya zo nan a kan jaki. Ya zauna da tsofaffin mata yana tambayarsu zancen bayin da. Tsufa dai ba ta da kyau." Na sake ji a wani ƙauyen, na sake ji a kasuwa. Kowa ruɗewa yake cewa. Ni ma haka na ɗauka. Kunya ta kama ni, na ce in na gaya wa Yaya zai ce shi ya jawo, ya ƙara sa abin a ransa, ga hawan jini ya fara damunsa. Na yi shiru. Sau biyu ya tambaye ni, "Ka ji wani labari daga Gwiwa?" Na ce lafiya lau.

A shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo. Aka yi titi, aka kawo talabijin, samari suka koma neman kwangila. Malamin makarantar da ya fara karatu a zaman ya zama dillalin siminti. Yaya ya rubuta wa marubuta wasiƙa, wasu su amsa, wasu su ce sai an aiko mota. Ɗakin da ke cika har tagogi ya koma mutum goma, ya koma biyar. Bai taɓa rage tabarmi ba. Yakan shimfiɗa duka, ya dafa shayi cikin babbar buta, abin da ya rage ya kai wa masu gadin kasuwa. Asabar ta ƙarshe, liman ya gaya mini, su huɗu ne, marubucin bai zo ba, Yaya ya karanta musu jarida. Da zai tashi ya faɗi maganar Kawu kamar kullum.

Da aka yi rasuwar, Kawu bai zo ranar farko ba, bai zo ta biyu ba. Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an raba waina mutane sun fara watsewa, motar Gwiwa ta tsaya a bakin titi. 'Yarsa ce ta fara saukowa, sannan ta juya ta kamo hannunsa. Na san idonsa ya yi rauni, ban san ya tafi gaba ɗaya ba, don in na je yakan karɓe ni ne a ɗaki mai duhu. Ya rataya tsohuwar gafakar nan. Duk wanda ke zaune ya miƙe.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa ya ce, "Ba nan na zo ba. Kai ni ɗakin nan."

Makullin yana aljihun rigar Yaya, matarsa ta ciro ta ba ni, ta yafa mayafi ta tsaya daga zaure tana jin mu. Kawu ya juya wajen motsinta ya ce, "Ya bar mini magana?"

Ta ce, "Baba, maganar da yake bar maka duk Asabar ita ce. Bai canza ta ba."

Muka tafi mu huɗu, da ni da shi da 'yarsa da liman. Tabarmin suna naɗe a jingine da bango, butar shayi tana inda ya bar ta. Na shimfiɗa ɗaya, na jawo kujerar Yaya don Kawu ya zauna. Ya taɓa ta da ƙafa ya ce, "A ƙasa ake zama a nan, na sani." Ya zauna. Ya buɗe gafaka, ya fito da takardun da ya tafi da su, sun yi ja. A samansu akwai wata takarda dabam. Ya miƙo mini ya ce, "Duba."

Sunaye ne, kowanne a layinsa, da sunan uwa ko garin da aka kamo mutum in an sani. Na farko da ƙaramin rubutunsa mai kyau da na sani. Na biyu ma haka. Daga na uku baƙaƙen suka fara girma, na shida ya cinye kusan kwatan takarda, ya karkace ya hau kan na biyar. A ƙasa ya ja layi ɗaya da tawada, ba komai a kansa.

Ya ce, "Shida. Shekarar farko fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Ta biyu ma. Sannan na kwanta na ce bari in ƙirga su a raina, in nuna wa yaron nan na san su. Na ga ko ɗaya ban sani ba. Na sha ruwan rijiyar nan shekara saba'in."

Liman ya ce, "Me ya hana ka aiko masa, Malam?"

"In aiko masa da shida? Ya tambaye ni bakwai a gaban jama'a. Na ce ba zan taka ɗakin nan ba sai da bakwai, in karanta su a inda ya tambaye ni." Ya ci gaba da cewa, "Na bakwan baƙo ne, daga arewa aka kawo shi, bai shekara ba ƙasa ta rufta da shi. Kowa ɗan arewa yake ce masa. An ce akwai wata tsohuwa a wani ƙauye gaba da Babura, can ƙetaren iyaka, inda muke ce wa ƙasar Faransa, da ta san shi. Ina jiran ƙafata ta yi sauƙi. Da damina aka ce ta rasu."

'Yarsa ta ce, "Na ce masa, Baba, bari in raɗa wa Baturen. Ya ce in na faɗa bai yafe ba." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ranar Sallah ina ba shi fura maganar tana bakina."

Na ga ba zan iya riƙewa ba. Na ce, "Kawu, ni ma na ji kana yawo a ƙauyuka. Shekara biyar da ji. Ban gaya masa ba."

"Don me?"

"Na ɗauka tsufa ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Da ka gaya masa da ya gane. Shi kaɗai ne zai gane." Bai faɗa da faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Mu uku muka taru muka rufe shi a zaure da ƙwaryar fura. Allah ya yafe mana."

Na sauko da farin ƙyallen daga saman kabad na sa masa a cinya. Ya kwance, ya shafa takardun, ya haɗa su da na gafaka, ya daidaita bakinsu a kan gwiwarsa. Liman ya ce, "To ai ga mu. A karanta yanzu mana, ko mu huɗu ne. Ya sha yi da huɗu."

Kawu ya ce, "Wa zai yi tambaya in an gama?"

Agogon Yaya yana aljihuna, ina jin tafiyarsa, ban iya fito da shi ba.

Kawu ya miƙo mini duka, da tarihin da takardar sunayen. Ya ce, "Kai kake yawon ƙauyuka. Ka riƙa tambaya. In ka samu, ka tara mutane a nan ka karanta daga rijiya. Kada ka karanta shidan a wani wuri kafin nan." Shi ya sa ban rubuta su a nan ba.

Ya koma Gwiwa a motar yamma. Yau kwana arba'in da rasuwar Yaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya saka masa da abin da ya yi wa garin nan. An aiko wani saurayi daga Kano ya karɓi ɗakin karatun, yaron kirki ne, amma ya ce ranar Asabar ba ya aiki. Na je Babura sau biyu, na tsallaka har ƙauyen tsohuwar. Jikokinta sun karɓe ni da kyau, sun ce sun sha jin tana zancen wani ɗan'uwanta da aka tafi da shi kudu, amma ba su riƙe sunan ba.

Takardun suna cikin akwatina. Sunaye shida ne, layi na bakwai ba komai, kuma karatun Kawu yana nan a kan rijiya inda ya tsaya.